Ra'ayinmu: Darasin Makarantar Zane ta Zariya ga Dutsin-Ma da Kurfi

A watan Oktoban 2025, gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke birnin Landan ya buɗe wani gagarumin nuni na ayyukan masu zane na Najeriya. An tara ayyuka fiye da 250 na mutum sama da 50, aka kuma ba Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya babban gurbi a ciki. Kafin wannan, a 2023, birnin Benis na Italiya ya miƙa wa Demas Nwoko lambar Zakin Zinariya, wadda ake bai wa wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen hidima ga fasahar gini. A 2024 kuma gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washinton ya shirya nuni na musamman kan ayyukan Bruce Onobrakpeya. Nwoko da Onobrakpeya duk ɗaliban Zariya ne, aji guda suka tashi, a ɗakunan da yau suke ƙarƙashin Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello.

Wannan jarida tana taya jami'ar murna da zuciya ɗaya. Sashen da duniya ke ambaton ɗalibansa bayan shekara sittin da ɗoriya ya cancanci yabo, haka ma malaman da ke riƙe da shi yau cikin ƙarancin kayan aiki. Sai dai murnar ta zo mana da tambaya: mu da makarantar ke zaune a ƙasarmu, me muka tsinta daga gare ta? Kuma yanzu da jami'o'i suka iso garuruwa irin su Dutsin-Ma, wane irin ilimin zane ya kamata ɗan Kurfi ko 'yar Dutsin-Ma su samu a ƙofar gidansu?

Tarihin makarantar ya girmi jami'ar da ke ɗauke da ita. An fara koyar da zane a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya, sannan aka dawo da sashen Zariya a 1955. Galibin malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma tasu ce, ko da yake akwai Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ta koyar a wurin tun a waɗancan shekaru. A 1958, ana shirin karɓar mulkin kai, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke da Oseloka Osadebe. Daga baya aka riƙa kiran su 'Yan Tawayen Zariya. Ba su ƙi koyon dabarun Bature ba. Abin da suka ƙi shi ne a ce fasahar iyayensu ba ta kai a shigo da ita aji ba. Suka ɗora wa kansu aiki: kowa ya koma garinsu lokacin hutu, ya zauna da tsofaffi, ya koyi zanen gida, ya dawo ya haɗa shi da abin da aka koya masa. Uche Okeke ya ɗauko zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya ɗebo daga tatsuniyoyi da alamomin Urhobo. Grillo ya zana rayuwar Legas da irin shuɗin nan na adire. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma mutanenta suka bazu suka jagoranci koyar da zane a wasu wurare: Grillo a Yaba, Uche Okeke a Nsukka, Nwoko a Ibadan, inda ya yi gine-gine da jar ƙasa da katako, masu shan iska da kansu ba tare da na'ura ba.

Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen ya shige cikinta, ya ci gaba da yaye gwanaye. Kolade Oshinowo da Dele Jegede sun fito a farkon shekarun 1970. Gani Odutokun, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1995, ya raini ɗalibai masu yawa. Farfesa Jerry Buhari ya shahara da zane kan lalacewar muhalli. Kaltume Gana ta yi fice a Kano. Daga cikin sashen ne kuma aka fitar da Sashen Tsara Kayan Masana'antu, inda ake koyar da tsara yadi, ginin tangaran, zanen ɗab'i da sarrafa gilashi. A 1977 jami'ar ta yi wani abin da har yau muke ganin ya fi kowace lambar yabo ma'ana: ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ba ta yi karatun boko ba, digirin girmamawa na dakta. Ita ce hotonta ke bayan takardar naira 20.

Duk wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Akwai wata gaskiyar kuma da ya kamata a faɗa a fili. Cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 1958 babu Bazazzagi, babu Bakatsine, babu Bakano. Jimo Akolo, abokin karatunsu ɗan Egbe, shi ne ya fi kowa duban ginin Hausa da mahayan dawaki a zanensa, ya kuma shafe shekaru yana aiki a Cibiyar Ilimi ta jami'ar. Ba mu ɗora wa ɗaliban laifi ba, domin sun yi abin da ya dace da su, kowa ya ɗaga fasahar gidansu. Giɓin daga wajenmu yake. Tazara kaɗan ce tsakanin Samaru, inda jami'ar take, da Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da bakan gizo na ƙasa da azara, ginin da masana daga ƙasashe da dama suka zo suka auna suka rubuta littattafai a kansa. Amma jikokin maginan da suka iya wannan aiki ba su ga hanyar shiga ajin zane ba, ajin ma bai cika zuwa neman su ba. Kiran da 'Yan Tawaye suka yi na komawa gida ya yi tasiri a Nsukka da Legas fiye da yadda ya yi a ƙasar da aka yi kiran a cikinta.

Dalilin da ya sa muke ɗaga maganar yanzu shi ne zamani ya juya. A da, wanda ke son karatun jami'a daga tsakiyar Katsina sai ya yi tattaki zuwa Zariya ko Kano ko Sakkwato. Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma. A garin kuma akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, mai ɗauke da sunan Wazirin Katsina da ya riƙe Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Arewa lokacin da aka kafa jami'ar Zariya. Ɗalibai daga Kurfi, Safana, Ɗanmusa, Charanci da Matazu suna kwarara zuwa waɗannan makarantu biyu. Tambayar ko ilimin zane da tsara kaya ya cancanci babban matsayi a nan tambaya ce da masu hankali suka rabu a kanta, kuma kowane ɓangare na da hujjar da ya kamata a saurara.

Masu goyon baya suna fara nuni da abin da ke ƙasa. Duk wanda ya zaga kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma zai ga aikin hannu iri-iri: tukwane da randuna, faifai da tabarma, ƙwarya mai zane, kube da sirdi na dukawa, fartanya da lauje na maƙera, huluna da mata ke ɗinkawa a cikin gida zare bayan zare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsari ne da wani ya zauna ya yi tunaninsa. Aska takwas a ƙirjin riga, dagi a bangon zaure, zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, duk ilimin layi ne da launi da daidaito, wanda aka gada ta hanyar kallo da maimaitawa. Tarihinsa kuma ya yi nisa. Kayan ado na ƙarfe da aka tono a kaburburan Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani sun nuna cewa ƙasar Katsina ta san ƙawa da cinikin nesa tun ɗaruruwan shekaru, Hasumiyar Gobarau kuwa tana nan tsaye tana ba da shaidar maginanmu.

Hujjarsu ta biyu ita ce albarkatun ƙasa. Ƙanƙara tana da farar ƙasar da ake yin tangaran da ita, amma faranti da kofin da ke gidajenmu daga ƙetare ake shigo da su. Yankin Funtuwa da Malumfashi ya daɗe da noman auduga, amma masaƙun Kaduna da Kano da suka ɗauki dubban ma'aikata yawancinsu sun rufe, atamfar da ke kasuwa kuma mafi yawanta daga Sin take zuwa, wani lokaci ɗauke da zanen da aka kwaikwaya daga namu. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta yi suna a Turai tun zamanin fatake, har yau kuma ana fitar da ita a jeme don wasu su mai da ita jaka da takalmi su ci ribar. A duk waɗannan, abin da ya raba ɗanyen kaya da kaya mai tsada shi ne hannun mai tsarawa. Jami'ar da ke koyar da noma da kimiyya, in ji su, ta bar aikin a rabi idan ba ta koyar da yadda ake mai da amfanin gona da ma'adinai abin da mai saye zai so ba.

Hujja ta uku ita ce sabuwar kasuwa. Mai shago na son allon talla, marubuciya na son bangon littafi, masu shirya fim a Kano na son mai tsara sutura da ɗaki, mai sayar da kilishi ko man gyaɗa na son kwalin da zai ja ido. Matasa da yawa suna wannan aiki da waya da kwamfuta, sun koya da kansu ta intanet, kuma zanen barkwanci na Mustapha Bulama ya nuna irin nisan da alƙalamin mai zane daga Arewa zai iya kaiwa. Akwai misali guda da ya isa ya tsayar da mu. Salon rubutun Alƙur'ani da Ajami da aka sani da rubutun Kano, wanda gwanaye irin su marigayi Sharu Bala Gabari suka ƙware a kai, an mai da shi haruffan kwamfuta mai suna Alkalami, kuma wata ƙungiya ce daga ƙetare ta yi aikin. Mun gode musu. Amma aiki ne da ya dace a ce ɗalibin wata jami'a a ƙasar Hausa ya yi shi tare da alarammansa.

Masu ja da baya su ma ba da wasa suke ba. Abu na farko da suke faɗa shi ne tsaro. Dutsin-Ma da Kurfi da Safana sun sha fama da 'yan bindiga. A watan Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata 5 na jami'ar daga masaukinsu a cikin gari, kafin nan kuma an kwashe ɗaruruwan 'yan makaranta a Ƙanƙara a watan Disambar 2020. Mutanen ƙauyuka da dama sun bar gonakinsu. Wanda ya ce a fara kare rai da samar da ɗakunan kwana masu katanga kafin a yi zancen burushi da fenti, ya faɗi gaskiya, kuma ba mu da ja a kan jerin muhimmancin.

Na biyu shi ne kuɗi. Karatun zane ba irin wanda allo da alli ke wadatarwa ba ne. Yana buƙatar ɗakin aiki mai faɗi, tanderun gasa tangaran, masaƙa, injin ɗab'i, kwamfutoci masu ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. Fenti da takarda da sinadarai yawanci daga waje suke zuwa, farashinsu kuma ya yi tashin gwauron zabo tun da aka saki naira a 2023. A irin waɗannan sassa ɗalibi ne ke sayen yawancin kayan aikinsa, ɗan manomin da ke fafutukar kuɗin rajista kuwa ba zai iya ba. Buɗe sashe babu kayan aiki zalunci ne ga yaro, domin za a ba shi takardar shaida hannunsa bai iya komai ba.

Na uku shi ne addini, kuma ba ma so a ɗauke shi da sauƙi ko a yi masa kallon jahilci. Iyaye da yawa, da sun ji an ce zane, abin da ke zuwa musu a rai shi ne mutum-mutumi da surar abu mai rai, kuma akwai hadisai ingantattu da suka yi gargaɗi mai tsanani kan haka. Uban da ya hana ɗansa shiga ajin da za a tilasta masa sassaƙa siffar mutum yana bin abin da ya yi imani da shi ne. Duk tsarin da ya raina wannan damuwa zai tashi da ɗakuna babu 'ya'yan gari a ciki.

Na huɗu shi ne aikin yi. Uba na tambaya: in ya gama, wa zai ɗauke shi? Kasuwar manyan hotuna tana Legas da Abuja da Landan. Labarin hoton Tutu na Ben Enwonwu da aka sayar sama da fam miliyan 1 a 2018 yana da daɗin ji, amma ba ya sayen buhun gero a Kurfi. Ga mutum ɗaya da ya kai Tate Modern, akwai da yawa da suka ajiye burushi suka kama wata sana'a. Na biyar kuma tsoro ne da masu sana'a kansu ke da shi: ɗalibai su zo da littafi da kyamara, su kwashe sirrin aikin, a buga a samu digiri da ƙarin girma, gwanin da ya ba da ilimin ko sunansa ba a ambata ba.

Mun auna ɓangarorin biyu, ga matsayarmu. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Isa Kaita su mai da ilimin zane da tsara kaya ɗaya daga cikin abubuwan da za a san su da shi. Amma kada su kwafi Zariya ta 1955. Su ɗauki shawarar ɗaliban 1958, su aiwatar da ita a kan fasahar ƙasar Katsina. Hujjojin masu ja da baya ba su rushe wannan buƙata ba. Abin da suka yi shi ne nuna siffar da ya kamata aikin ya ɗauka, kuma kowace ɗaya tana da amsa.

Kan batun addini, a gina karatun a kan fannonin da babu saɓani a kansu, waɗanda kuma su ne ƙarfinmu tun asali: yadi da surfani, rini, fata, tangaran, gini da adon bango, rubutu da zayyana, zanen ɗab'i da na kwamfuta. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai, ya ci abincinsa. Duniyar Musulmi ta gina fasaha mai girma a kan rubutu da lissafin siffofi da ganye, daga Fas har Isfahan. Kada a tilasta wa kowane ɗalibi sassaƙa sura kafin ya sami digiri, kada kuma a hana wanda addininsa ko fahimtarsa ta yarda, domin jami'ar tarayya ta kowa ce. A zauna da malaman gari tun kafin a rubuta manhaja, a nuna musu abin da za a koyar. Shakkar da aka warware da wuri ba ta zama rigima.

Kan batun kuɗi, a fara da kaɗan, a yi shi da kyau. Ɗakin aiki biyu masu cikakken kaya sun fi katafaren gini da babu komai ciki. Akwai kuma arha a cikin dogaro da kayan gida: yumɓu da farar ƙasa suna kusa, baba na rini yana tsirowa a ƙasarmu, bagaruwar jima tana nan, makuba da tubali ba sa jiran canjin dala. Sashen kimiyyar sinadarai zai iya gwada ƙasar Ƙanƙara ya gano zafin da take buƙata, sashen noma ya yi aiki kan baba da auduga, masu zane su tsara abin da za a yi da su. Asusun TETFund na ba da kuɗin kayan aiki da na bincike, kuma irin wannan haɗin gwiwa shi ne abin da aka kafa shi dominsa. Dokar karatu ma ta buɗe ƙofa: sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Idan Dutsin-Ma ba ta cika nata kason da marina da majema da ginin ƙasa ba, wace jami'a ce za ta yi?

Kan tsoron masu sana'a, amsar ita ce a shigo da su a matsayin malamai, da albashi da suna a jadawalin darasi. Zariya ta girmama Ladi Kwali bayan ta yi suna a duniya. Dutsin-Ma za ta iya gaba da haka, ta ba Sarkin Magina da Sarkin Maƙera da gwanar ɗinkin hula aji tun suna da ƙarfinsu. Watannin koyon aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu, a bar wasu su yi su a rumfar baduku ko a bakin karofi, a biya mai rumfar. Duk zanen da aka ɗauko daga wani gida ko gari a rubuta asalinsa, in an sayar a raba riba, musamman da yake Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya. Maƙwabtanmu a Nijar sun nuna cewa hakan na yiwuwa. Falke Barmu, maginin ƙauye, ya gina masallacin Yama a yankin Tawa da ƙasa, ginin ya ci lambar Aga Khan a 1986. Bayan shekaru, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da wani tsohon masallacinsa a Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa, tare da maginan yankin. Ilimin jami'a da na gado sun zauna a tabarma ɗaya, aikin kuma ya yi suna a duniya.

Kan batun aikin yi, a daina auna nasara da gidajen nuni na Turai kaɗai. Ma'aunin da ya dace da mu shi ne ɗalibai nawa suka buɗe wurin aikinsu cikin shekara biyu da gamawa, mutum nawa suka ɗauka, kaya nawa suka sayar. Don haka lissafin farashi, rajistar sana'a, ɗaukar hoton kaya da tallata su ta intanet su zama darussa na dole. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar ƙananan masana'antu ta ƙasa kafin ya hau mulki, ya kuma kafa irinta a jiha. Ƙauyen koyar da matasa sana'o'in hannu da aka buɗe a Katsina zamanin Gwamna Ibrahim Shema, ɗan Dutsin-Ma, yana nan. A 2023 aka ba Hannatu Musa Musawa, 'yar jihar nan, ma'aikatar fasaha da al'adu ta tarayya. Da wuya a sake samun lokacin da ƙofofi suka jeru haka. Abu mafi sauƙi da gwamnatin jiha za ta fara da shi shi ne ta zama mai saye: kyaututtukan da take ba baƙi, adon ofisoshi, zanen littattafan firamare, duk a ba 'yan gida kwangilarsu bisa gasa a fili.

Kan tsaro kuwa, ba mu ce zane zai kori ɗan bindiga ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma muna ci gaba da matsa mata lamba a kai. Amma rashin tsaro ƙarin dalili ne na hanzartawa. Idan ƙauye ya watse, har da iliminsa yake watsewa. Tsohuwar da ta san ƙasar da ba ta fashewa a wuta, da maginin da ya san yadda ake ɗaure azara, idan suka koma gudun hijira a gefen gari, sana'arsu na iya mutuwa da su cikin 'yan shekaru. Da yawa daga cikinsu yanzu suna zaune a Dutsin-Ma da Kurfi da Katsina. Rubuta iliminsu, ɗaukar shi a faifan bidiyo da ba su ɗalibai aiki ne da za a iya farawa a wannan zangon karatu, kuma hanya ce ta ba su abin sawa a baki cikin mutunci.

Akwai nauyi a kan Kwalejin Isa Kaita musamman. Yaro ba ya zaɓar fannin da bai taɓa gani ba. Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, amma a makarantu da yawa babu malamin da ya karance shi, sai a ba duk wanda jadawalinsa ke da sauƙi. Kwalejin ce za ta iya yaye malaman da za su nuna wa yarinya cewa lallen da take zanawa a hannun amarya ilimi ne da ake iya kai shi jami'a, su nuna wa almajirin da ya iya zayyana cewa hannunsa na da daraja a duniyar ɗab'i. A buɗe wa irin waɗannan gajerun kwasa-kwasai na shaidar ƙwarewa, da Hausa, ba tare da shingen jarrabawar shiga jami'a ba. Mata su ne suka fi yawa a ɗinkin hula da saƙar faifai da lalle, kuma su ne suka fi samun ƙarancin riba, domin dillali ne ke yanke farashi. Duk shirin da bai fara da su ba ya bar mafi yawan masu sana'ar a waje.

Ga Jami'ar Ahmadu Bello kuma muna da roƙo. Babbar yaya ce a wannan fanni, tana da malamai da gogewar shekara 70. Ta aro wa Dutsin-Ma masu duba manhaja da masu horar da malamai, ta buɗe tanderunta da ɗakunan gilashinta ga ɗaliban da za su zo ziyara, ta kuma ƙara himma wajen jawo 'ya'yan garuruwan da ke kewaye da ita. Yabon da ake yi mata a Landan zai fi armashi ranar da aka ga ɗan Tudun Wadan Zariya ko 'yar Kurfi a cikin jerin sunayen.

Muna kira ga majalisar gudanarwar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da hukumar Kwalejin Isa Kaita su kafa kwamitin haɗin gwiwa a wannan shekarar karatu, da wakilcin Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina, da sarakunan sana'a, da malaman addini, da mata masu aikin hannu. Aikinsa na farko ya zama ƙidayar gwanayen da suka rage a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, sana'a bayan sana'a. Na biyu, ya fitar da tsarin ɗakunan aiki biyu, da kuɗinsu da ranar buɗe su, a buga kowa ya gani. Wannan jarida za ta bibiyi maganar, ta kuma sanar da masu karatu wanda ya motsa da wanda ya yi shiru.